Shekarar Da Na Rarraba Babban Tebur

Ina gama bautar ƙasa na samu aiki a wata ƙungiya a Funtuwa, mai taimaka wa ƙananan manoma da iri da taki da maganin feshi. Ofishinmu a saman bene yake, ƙasansa ma'ajin hatsi, don haka kullum da ƙaiƙayin masara a riga nake komawa gida. Aikina shi ne kula da rumbun bayanan ƙungiyar. A gidanmu babu wanda ya gane abin da nake yi. Inna takan ce wa mutane ina aikin kwamfuta, ta tsaya a nan. Yayana kuwa, wanda ya riƙe gonakin mahaifinmu a ƙauyenmu da ke yamma da Mahuta tun bayan rasuwar tsohon, cewa yake ni ne mai rubuta sunayen masu karɓar taki. Ban taɓa yi masa gyara ba, don bai yi nisa da gaskiya ba.

Rumbun bayanai ba wani abin tsoro ba ne. Tebura ne irin waɗanda ake zanawa a takarda, masu layuka da gidaje, sai dai a cikin kwamfuta suke, kuma lambobi ne ke haɗa wannan da wancan. Muna da teburin sunayen manoma, da na gonaki, da na kayan da ke ma'aji. Waɗannan ba su taɓa ba ni wahala ba. Mai ba ni wahala shi ne wanda muke kira babban tebur, inda duk abin da ya gudana tsakaninmu da manomi yake faɗawa. Ya karɓi iri, layi ɗaya. Malamin gona ya je ya duba masararsa, wani layin. An auna gona, an ga tsutsa, an yi feshi, an kawo buhu da kaka, kowanne da layinsa. Tun kafin in zo ake zuba masa, ba a taɓa cire komai ba, domin da wannan tarihin ake sanin wanda ya yi noma da gaske bara, a ba shi kaya bana.

A daminata ta biyu a wurin, teburin ya fara nauyi.

Shugabar ofishinmu, wadda kowa ke kira Hajiya, tsohuwar malamar aikin gona ce a sakandare, mace mai faɗa amma ba ta da riƙo. Ranar da aka fara rabon taki ta leƙo ɗakina ta ce in taso mu je cibiyarmu ta Danja, in ga aikina da idona. Muka tarar harabar ta cika. Wasu na layi, wasu sun gaji sun zauna a kan baburansu, wasu sun rakuɓe a 'yar inuwar katanga. An sha ruwa shekaranjiya, ƙasa da danshi, kowa hankalinsa yana gona. Akawun cibiyar tana zaune a bayan taga. Takan karɓi katin mutum, ta buga lambarsa, sai wani ɗan zobe ya fara juyawa a fuskar kwamfutar. Mutum ya sauya ƙafa, ya cire hula ya share gumi, ya mayar, zoben bai tsaya ba.

Wani dattijo ya gane Hajiya, ya matso ya gaishe ta.

"Hajiya, tun da sassafe nake nan. In abin nan ba zai ba mu ba, a faɗa mana mu koma gona. Danshin nan wucewa zai yi."

"Ka yi haƙuri, Baba. Ga mai gyaran nan na kawo."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya koma layinsa.

A mota muna dawowa ta ce, "Injiniya, rashin sabis ne ko?"

"Ba sabis ba ne, Hajiya. Teburin ne ya yi girma."

Na bayyana mata cewa tuni na yi masa fihirisa, irin ta bayan littafi, mai nuna wa kwamfuta inda za ta duba ba sai ta karanta komai ba. Amma ita kanta fihirisar ta kumbura har ba ta shiga ƙwaƙwalwar na'urar gaba ɗaya, ga cibiyoyi duk a lokaci guda suke tambaya, suke rubutawa.

"To sai a sayi babbar na'ura?"

"Masu ba mu tallafi ba za su saya ba."

"Ba za su saya ba kam," ta ce. "Me ya rage?"

"A rarraba shi."

Na ce mata daga waje zai ci gaba da zama tebur ɗaya, da sunansa ɗaya, akawu ba za ta ga wani bambanci ba. Daga ciki kuwa zai zama ɓangare-ɓangare, kowanne da tasa 'yar fihirisar. In tambaya ta zo, kwamfuta ta duba wane ɓangare ta shafa, ta nufi can kai tsaye, ta ƙyale sauran.

"Za ka goge wani abu?"

"Ko layi ɗaya ba zai ɓata ba."

"To me kake jira?"

Abin da nake jira shi ne a tsai da shawara a kan me za a yi rabon. Ana iya rabawa bisa shekara, kowace damina da ɓangarenta. Ana kuma iya rabawa bisa shiyya: Danja daban, Malumfashi daban, Funtuwa daban, ƙauyukan yamma kowane rukuni da nasa. Na kwashe makonni ina duba irin tambayoyin da cibiyoyi ke aikowa. Kusan duk iri ɗaya ne: ga manomi kaza na shiyyata, ba ni tarihinsa na shekarun baya. In na raba bisa shekara, kowace tambaya sai ta leƙa ɓangarori da yawa. In na raba bisa shiyya, ɗaya kawai za ta taɓa. Na zana mata duka biyun a allo. Ta duba, sannan ta ce, "Yi da shiyya. Manomi inda gonarsa take, nan yake."

Na yarda da ita, kuma duk wanda ya san aikin da aka nuna wa waɗannan tambayoyin a lokacin, haka zai ce.

Sai da na bari aka gama kaka, aka gama karɓar amfani, aka shiga bazara lokacin da cibiyoyi ba su da aiki sosai. Muka rufe su ranar wata Juma'a. Na gina sabon tebur babu komai a ciki, da ɓangarorinsa, na shiga kwaso layuka daga tsohon kaɗan-kaɗan, shiyya bayan shiyya. In na gama da guda, in gwada yawan abin da ya fita da yawan abin da ya shiga, in sun yi daidai in wuce. Zafi ya yi zafi. Janareta na ruri a ƙasa, fanka na kaɗa iska mai ɗumi, na'urar kuwa har tsoro nake ji in taɓa bayanta. Hajiya ta sa aka kawo fura mai sanyi, ta zauna a bakin ƙofa da carbinta, jefi-jefi ta ce, "Ina muke?" In ce mun wuce Danja, ko mun shiga Malumfashi, ta yi dariya ta ce Allah ya kai mu lafiya.

Abu ɗaya na rasa a rabon, na kuma san zan rasa shi. Da can kwamfuta na iya hana a yi wa mutum ɗaya rajista sau biyu a duk faɗin teburin. Bayan rabo, a cikin kowane ɓangare kawai take iya wannan tsaron. Na rubuta wa Hajiya haka, ta sa hannu, ba wanda ya ƙara tunawa da zancen.

Da damina ta kama aka fara rabo, akawun Danja ta kira ni tana dariya, ta ce kafin ta ɗauke yatsa amsa ta fito. Yayana ma ya kira daga cibiyar da ke kusa da gida.

"Auta, yau ko zama ban yi ba. Na miƙa kati, aka ce in je in ɗauka. Ashe dai kana aiki."

Ban taɓa jin daɗin sana'ata kamar a wannan shekarar ba. Masara ta yi kyau, waken suya ya yi kyau, Yaya ya gyara ɗakin Inna ya sa mata sabon kwano. Ni ma a shekarar na yi aure.

Ina da al'ada, duk ranar Litinin nakan duba girman kowane ɓangare, don in san wanda ke neman cika faifan ajiyar na'urar. A nan na fara lura cewa na ƙauyukan yamma sun rage ƙaruwa. Da farko na ɗauka na'urorin hannu na malaman gona ne ba sa aiko da bayanai. Na bincika, lafiyarsu ƙalau. Zuwan ne aka rage.

Ba wai ban san abin da ke faruwa ba. Kowa ya sani. Ana jin an tare hanya kaza, an kore shanun wane, an ɗauki mutane a gona. Amma labarin da nisa yake zuwa, daga garuruwan bakin daji, muna jajantawa muna cewa Allah ya kiyaye. Sai ga shi yana matsowa.

Malamin gonan da ke kula da shiyyar ƙauyenmu abokina ne, ya girme ni da kaɗan, mutum mai son aikinsa, wanda ya san kowace gona da mai ita. Wata Laraba da hantsi ya hawo bene, ya ajiye na'urarsa da makullin babur a kan teburin Hajiya.

"Lafiya, Malam?"

"Hajiya, ki yafe ni. Ba zan koma ba."

Ya ce jiya yana cikin gonar wani yana duba ganye sai ya ji ƙarar baburan 'yan bindiga. Ya kwanta a cikin kunya, masara ta rufe shi, suka wuce ta gefensa har yana jin maganarsu. Mai gonar da ke can ɗaya gefen bai samu ya kwanta ba, suka tafi da shi.  Hajiya ba ta roƙe shi ba. Ta mayar masa da makullin, ta ce ya riƙe babur ɗin, za ta nema masa aiki a cikin gari.

Na kira Yaya na ce ya taso.

"In taso in je ina? Masara ta fara bunni."

"To ka turo Inna."

Ya turo ta da ƙullin kayanta, tana ta faɗa cewa ita ba gudu ta yi ba, asibiti ta zo. Muka ba ta ɗaki. Kullum da la'asar sai ta sa a kira mata shi ta ji muryarsa.

Ya daure wannan daminar, ya girbe abin da ya samu daga gonakin kusa da gida, na nesa ya bar wa tsuntsaye. Da rani aka shiga garinmu da rana tsaka aka kore shanun huɗarsa tare da na maƙwabta. Bayan wannan mutane suka fara watsewa, gida-gida. Shi ne kusan na ƙarshe. Ya iso Funtuwa a bayan akori-kura, da matarsa da 'ya'yansa, da buhunan da suka rage, da kwanon ɗakin Inna da ya ɓamɓaro da hannunsa don kada a ɓamɓare a bayansa. Da ta ga kwanon a jingine a tsakar gidana, ta shiga ɗaki ta ja labule, ba ta fito ba sai magariba.

Wani surukinsa ya ba shi aron ɗan fili a bayan gari, wanda bai kai kwatan abin da ya saba nomawa ba. Da aka fara rabon iri ya ɗauki katinsa ya je cibiyarmu ta Funtuwa. Ina zaune a ofis na ji sallama, na ɗaga kai na gan shi a tsaye a ƙofa. Bai taɓa hawowa benen nan ba. Ya cire takalmi a waje, duk da ba wanda ke cirewa.

"Auta, wai an ce babu ni."

"Wa ya ce?"

"Yarinyar da ke taga. Ta buga, ta sake bugawa, ta ce ban taɓa noma da ku ba."

Na ba shi kujera, na buga lambarsa a wajena. Ga shi nan, komai nasa: kowane buhu, kowace ziyara, har shekarar da tsutsa ta ci masa gefen gona. Yana nan a ɓangaren shiyyarmu. Kwamfutar cibiyar Funtuwa kuwa ɓangaren Funtuwa kaɗai take tambaya, yadda na tsara mata. Na juya masa fuskar kwamfutar, ya sunkuyo ya duba, duk da ba ya karanta boko sosai.

"Wannan duk ni ne?"

"Duk kai ne."

"To ka gaya mata."

Na sauya masa shiyya. Kwamfuta ta ciro layukansa daga ɓangaren gida ta zuba su a na Funtuwa, abin bai ɗauki lokaci ba. Na rako shi ƙasa don in tabbatar an ba shi. A nan na ga sauran. Mutanen garinmu da na garuruwan da ke kewaye da mu, wasu na san su tun ina yaro, suna zaune a gindin katanga da katunansu a hannu, duk an ce babu su. Limamin unguwarmu na cikinsu. Ya ce, "Ɗan Malam, ashe a nan kake?" Na durƙusa na gaishe shi.

A makon na gyara manhajar yadda in ba a sami mutum a ɓangaren cibiya ba, za ta bi sauran ɓangarorin ɗaya bayan ɗaya. Aka fara samun mutane, amma irin wannan neman ya fi na da nauyi, domin yanzu ƙofofi da yawa ake ƙwanƙwasawa maimakon ɗaya. Zoben nan ya dawo yana juyawa. Ɓangaren Funtuwa da na Malumfashi suka yi ta kumbura da layukan da nake kwasowa, har suka kusa zama abin da babban teburin yake kafin in taɓa shi. Na ƙauyuka kuwa wasu sun koma fanko, wasu suna nan da tarihin mutanen da ba mu san inda suka nufa ba.

Akwai kuma abin da ya riga ya faru kafin in yi gyaran. Akawuna, don tausayi, duk wanda suka nema suka rasa sai su yi masa sabuwar rajista don ya samu ko iri ne. Kwamfuta ba ta hana ba, tunda a ɓangarenta ba ta san shi ba. Mutum ɗaya ya zama biyu, wani ma uku, in ya fara sauka a Danja kafin ya wuce Malumfashi.

Masu ba mu tallafi suka turo masu bincike daga Abuja, mutum biyu masu ladabi, da kwamfutocinsu. Suka ga sunaye na maimaituwa, suka ga gonakin da aka ba kaya amma babu malamin gonan da ya je ya gani. Na zauna da su na nuna musu yadda abin ya faru, layi-layi. Babban cikinsu ya saurare ni har na gama, ya ce ya fahimta, kuma na ga alamar da gaske yake. Amma ya ce shi abin da zai rubuta shi ne abin da za a iya tabbatarwa. Hajiya ta ce masa, "Ka zo in sa a kai ka ka tabbatar." Ya yi murmushi kawai.

Na rubuta shawara cewa a sake rabon gaba ɗaya, wannan karon bisa lambar manomi, wadda ba ta sauyawa ko ina mutum ya koma, a kuma haɗe sunayen da suka maimaitu. Aikin na bukatar sabon faifai da rufe cibiyoyi na ɗan lokaci. Amsar da ta zo ba ta ma ambaci shawarar ba. An rage tallafin. Daga yanzu shiyyoyin da malaman gona ke iya zuwa kaɗai za a yi wa aiki, kuma sai mai gonar kansa, ban da aro. Sauran shiyyoyin a cire su daga rumbun, a adana a gefe, don na'urar ta samu sauƙi.

Cire ɓangare daga tebur shi ne abu mafi sauƙi a duk wannan sana'ar. Yana ma daga cikin dalilan da ake rarraba tebur tun farko. Umarni ne na layi ɗaya. Ba a goge komai, ɓangaren ne kawai ke daina zama cikin teburin, tambaya ta daina isa gare shi. Hajiya ta ce ba za ta bar ni in yi ni kaɗai ba. Ta jawo kujera ta zauna kusa da ni da safe, ina kiran sunan shiyya, tana cewa to, ina dannawa. A kan wata shiyyar ta ce, "A nan na fara aiki."  Da muka zo kan ta ƙauyenmu na ɗan tsaya. Ta ce, "Ko in danna maka?" Na ce a'a, na danna. Na kwafe su duka a wani ɗan faifai da bai fi tafin hannu ba, ta sa a ambulan ta rufe a durowarta.

Na'urar ta yi sauri bayan nan. Layi ya ragu a cibiyoyi, har akawun Danja ta ce wani lokacin sai ta yi gyangyaɗi.

Yaya bai shiga sabon tsarin ba, tunda filinsa na aro ne. Na saya masa taki a kasuwa da kaina, na ce daga ofis ne. Ya karɓa ya yi godiya, amma na san ya gane, don buhun ba irin namu ba ne. Ya noma filin damina ɗaya. Kafin ta gaba surukin nasa ya zo da kunya ya ce an taya filin, masu gini suna so, gari na faɗaɗa da baƙin da ke ta shigowa. Yaya ya ce ba komai, ai dama nasa ne. Ya nemi wani aron ya rasa, domin duk wanda ke da ɗan fili a kusa da gari ya san darajarsa yanzu. Da rani ya je Danja ƙwadagon tsinkar tumatir, shi da babban ɗansa da ya cire daga makaranta. Daga baya wani ya ba shi Keke mai ƙafa uku yana ja, yana kai wa mai shi kuɗin balas da yamma.

Inna ta rasu a cikin azumi, bayan 'yar gajeriyar jinya. Tun tana da ƙarfi take cewa in ta mutu a kai ta gida kusa da mijinta. Muka tambayi direbobi, babu wanda ya yarda ya bi hanyar. Yaya ya ce zai ɗauke ta a Keke. Liman ya riƙe hannunsa ya yi masa magana a hankali, har ya haƙura. A maƙabartar bayan gari muka rufe ta, a cikin mutanen da ba ta sani ba.

Hajiya ta ajiye aiki bayan sallah ta koma wajen 'yarta a Kaduna. Wanda ya gaje ta mutumin kirki ne, amma bai san shiyyoyin da aka cire ba, ban kuma ga amfanin in ba shi labari ba. Ma'aikata sun ragu, an rufe cibiyoyi da dama, ni ma rabin mako nake zuwa. Babban teburin yanzu bai kai girman da ke bukatar rabo ba. Da yau na zo na same shi haka, da fihirisa ɗaya ta ishe shi. Ina ta tura takardun neman aiki Kaduna da Abuja, ban gaya wa kowa a gida ba, don ban san wa zan bar wa su Yaya ba in an kira ni. Har yanzu dai ba a kira ba.

Kwanakin baya wani maƙwabcinmu na ƙauye ya yi ƙarfin hali ya shiga garin da rana a kan babur, ya fito. Ya zo ya same mu a ƙofar gida bayan la'asar. Ya ce sabara ta cinye gonakin, katangu sun zube, rijiyar masallaci ta rufta. Ya ce ya tsaya a inda yake zaton iyakar gonarmu ce da tasu, ya kasa gane wurin. Yaya ya saurara, ya tambaye shi ko itacen ɗorawar nan na tsakiyar gona yana nan. Ya ce an sare.

Muna zaune hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso, aka fara yayyafi, ruwan farko na bana. Ƙamshin ƙasa ya cika unguwar. Yara suka fito suna tsalle. Yaya ya miƙa hannu ya tari ɗigon, ya murza a yatsunsa.

"In ya sauka sosai, gobe da shuka," ya ce.

 Ya ɗan jima a haka, sannan ya tashi ya saki labulen Keken, ya ce bari ya leƙa tasha, da ruwa an fi samun fasinja.